Damin da Baba Nomau Ya Ƙi Karɓa

Na san labari biyu kuke ji game da gonar Fakku. A wajen dangin mahaifiyarku kun ji cewa kyauta aka yi mini, ni kuma da iyayi irin na ɗan boko na ɗauki abina na mayar. A wajen abokaina na majalisar ƙofar gida kuwa kun ji cewa aro ne tun farko, masu abu suka karɓi abinsu, babu wani abin magana. Da sallar da ta wuce yayanku Aminu ya tsare ni a zaure, wai sai na faɗa masa wanne ne gaskiya, na ce ya bari in huta. Ba hutu nake nema ba, amsar ce ba ni da ita. To yanzu da ƙarfi ya fara ja baya, gara in rubuta muku abin da na gani da idona da abin da aka faɗa mini, ku da kuka fi ni karatu ku duba ko za ku ga abin da ya shige mini duhu.

Ni dai kun san ban gaji noma ba. A Tambuwal aka haife ni, gidan maɗinka. Da aka raba gonar kakanmu, abin da ya faɗo wa mahaifina bai isa jaki ya yi birgima ba, shi ma ya sayar ya ƙara keken ɗinki. Saboda haka lokacin da aka tura ni shugabancin wata makarantar firamare a gefen Fakku, cikin ƙasar Kebbe, sai na tarar ni kaɗai ne magidanci a unguwar da ba shi da rumbu. Albashi kuwa sai ranar da ya ga dama yake leƙo mu. Da kaka kowa na shigowa da amalanke shaƙe da gero, mu kuma ana auno mana kwano-kwano daga kasuwa. Mahaifiyarku Kulu ba ta iya haɗiye magana ba, tun tana amarya.

“Malam,” ta ce da ni, “mu kaɗai na cikin garin ga muka cin gero da awo, awa magani. Ko ba ka ganin ƙasa ko’ina?”

Ina ganin ƙasa mana, amma duk tana da masu ita. Saye ya fi ƙarfina. Haya ana son a biya kafin ruwan farko, daidai lokacin da albashi ya fi taurin kai. Jingina kuwa na ga maƙwabta biyu da suka daina gaisawa a kanta, ban yi sha’awa ba. Aro ya rage, shi kuma dangi ake ba wa, ni ko baƙo ne mai jan biro. Ina cikin wannan lissafin ne wani dattijo da ke tufkar igiya a ƙofar masallaci, Baba Nomau, ya kira ni bayan sallar la’asar. Manyan ’ya’yansa maza duk sun tafi kudu fatauci, ga shi da wata gonar jigawa a yamma da gari wadda ta gaji, ƙuduji, ciyawar nan mai kashe gero, ya cinye ta, shekaru ba a taɓa ta ba. Ban taɓa roƙonsa ba. Ashe abin da na kasa furtawa a masallaci, Kulu da matarsa Inna Ige sun gama shi a wajen daka.

“Malam, gonar ta gaji awa mai ita,” ya ce. “In kana iyawa, ɗauka. Amma abu biyu nika so. Kada ka dasa icce, ko da zogale na. Sannan duk kaka ka kawo man dami guda. Ba don yunwa ba. Don ƙasa ta san mai ita, ɗiyana su ma su sani.”

Ku da kuka girma a gari sai na yi muku bayani. Dami guda na gero ba komai ba ne, ba zai riƙe gida mako ba. Amma shi ne bakin aro. Muddin ana ganin sa yana isa ƙofar mai gona duk shekara, babu wanda zai wayi gari ya ce gonar ta sauya hannu. Itace ma haka, don yana daɗewa fiye da wanda ya dasa shi, jikoki sai su nuna shi su ce shaida ne. Babu takarda, babu sa hannu. Damin nan shi ne komai.

Na karɓi gona, sai kuma na ga ban san abin da zan yi da ita ba. A nan Allah ya haɗa ni da Riskuwa, wani Bafulatani dogo mai ƙarancin magana, wanda ya zo neman izinin shayar da shanunsa a rijiyar bayan makaranta. Shi ma yana da tasa damuwar. Kowace shekara gonaki na ƙara cin burtali, wato hanyar shanu, ya rasa inda zai sauka da rani, ga mahaifiyarsa ta tsufa ba ta iya doguwar tafiya. Da ya ji labarin gonata sai ya je ya zagaya ta shi kaɗai, ya dawo ya same ni.

“Malam, shanuna wurin kwana suka biɗa, gonarka taki taka biɗa. Mi za ya hana mu haɗa su?”

Muka shirya a gaban Liman. Bayan girbi zai sauka a gonar da iyalinsa, shanu su ci kara da harawa su kwana a wurin har faɗuwar ruwa. Da damina zai ja garke ya shiga daji, ya bar mini shanun huɗa biyu da garma. Iri da ’yan ƙodago da tsayawa a kan aiki nawa ne. In an yi girbi a ware damin Baba Nomau, sauran mu raba biyu. Wani abokina da ke sashen gona a sakatariyar Tambuwal ya taɓa tsare ni yana tambaya, wai wannan haya ce, ko noma mu raba, ko ƙungiya? Na ce masa wallahi ban san sunansa ba, amma yana fitar da gero. Kulu ma ba ta bar ni ba.

“Ƙasa ta Baba Nomau, shanu na Riskuwa. To kai mi an naka ciki?”

“Ciwon baya,” na ce mata.

Shekarar farko na zama abin kallo. Mutane kan tsaya a bakin hanya su ga hedimasta riƙe da garma, shanu na tafiya inda suke so, ni ina bin su ina ba su haƙuri. Abin da muka samu bai taka kara ya karya ba, amma na ɗaure damin Baba na kai, ya karɓa a gaban mutane ya sa albarka. Daga nan taki ya fara kama ƙasa. Ƙuduji ya ragu, zangarniya ta fara tsawo, muka ƙara da wake a tsakani. Na gina rumbu, Kulu ta yi ta zagaya shi tana shafawa. Ku manya kuna iya tuna nonon da ake kawo mana daga ruga da rani. Ban taɓa jin na zauna daram a wani gari ba kamar a waɗannan shekarun, kuma ina son ku san da haka kafin ku ji sauran.

A shekarar da abin ya faru damina ta yi kyau ƙwarai. Amma abubuwa biyu sun auku kafin girbi, kuma dole in faɗa muku duka biyun, don su ne suka ɗaure mini kai har yau. Na farko, da tsakiyar damina Baba ya kwanta ciwo, ƙafafunsa suka kumbura. Ni na riƙa goya shi a babur zuwa asibiti a Kebbe, muna ratsa laka. Wata rana da na sauke shi ya riƙe wuyan hannuna, Inna Ige na tsaye, ya ce waɗanda ya haifa suna kudu, wanda bai haifa ba shi ke goyonsa. Na biyu, Riskuwa ya dawo da wuri a shekarar saboda daji ya ƙi zaman lafiya, shanunsa suka faɗa gonar waken wani ƙanen Baba suka yi ɓarna. Magana ta kai gaban mai gari. An sasanta, amma a wurin ƙanen ya nuna Baba da yatsa a bainar jama’a ya ce shi ya jawo musu shanu bakin gona da aronsa. Dattijon ya tashi ya koma gida. Bayan haka in na gaishe shi a taƙaice yake amsawa, ban sani ba ko ciwo ne ko fushi. Ga kuma raɗe-raɗin cewa babban ɗansa Sa’adu zai dawo gida ya kama noma.

Da muka yi girbi na zaɓi zangarniya mafi kyau na ɗaure dami, na ɗora a babur. Na same shi kwance a zaure kan tabarma, wasu tsofaffi biyu abokansa na zaune kusa da shi. Na jingine damin a bango na durƙusa.

“Baba, ga damin bana.”

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, “Ya yi kyau. Mai da shi gida, Malam.”

“Baba, ai naka na.”

“Nic ce ka mai da shi. Daga bana ban ƙara karɓar dami hannunka.”

Sai tari ya sarƙe shi. Inna Ige ta fito da ruwa, tsofaffin suka miƙe, ni ma na miƙe. Na tsaya ina jiran ya ƙara ko kalma ɗaya, bai ƙara ba. Na ɗauki damin na fito jiki a sanyaye.

Kulu na ganina da shi ta ji abin da aka yi, ta rangaɗa guɗa, ta ce ya ba ni gonar, me kuma nake jira in ji? Ni kuwa na wuce wajen Liman, don shi ya san al’adar garin.

“Mai gona na ƙin dami don abu biyu,” in ji shi. “Ko ya bar maka ita har abada, ko ya sallame ka cikin mutunci, don kada bakinai shi ce maka tashi. Dattawanmu duka biyun suka yi. Koma ka tambaye shi.”

Kafin in koma na bi tsofaffin nan biyu ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya rantse fuskar kyauta ya gani. Na biyu ya ce shi tun suna yara ya san Nomau, wannan muryar ta ɓacin rai ce. Daga baya ma na ji sun yi cacar baki a kai har an raba su. Riskuwa ya saurare ni yana jingine da sandarsa, ya ce in kyauta ce saboda babur ɗina ne, in sallama ce saboda shanunsa ne. Sannan ya roƙe ni abin da bai taɓa roƙona ba.

“Yi shiru, Malam. Bari ruwa shi zaka mu yi huɗa. In ba wanda ya hana mu, shi ke nan. Tsohuwa ba ta iya wata tafiya.”

Na koma wajen Baba ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, da niyyar tambaya. Amma ku gaya mini, da wane baki mutum zai dubi dattijon da numfashi ke yi wa wuya ya ce, “Ka ba ni gonarka ne?” Ai kamar kana auna masa likkafani ne. In kuma na ce, “Ka kore ni ne?” na tilasta masa faɗin abin da ya kauce wa faɗa. Kullum sai in tambayi jiki, ya ce alhamdulillahi. Wata rana ya yi mini murmushi na dawo gida da ƙarfina, wata rana ya juya ya fuskanci bango na dawo ko abinci ban iya ci ba. Ana haka, kafin mutane su gama sussuka, Allah ya yi masa rasuwa.

Duk wannan lokacin damin nan yana zaurenmu. Kulu ta so ta sussuke shi, na hana. Kaji na tsattsagarsa, ina korarsu. Sa’adu ya dawo, mutum mai ladabi, ya yi mini godiyar ɗawainiyar da na yi da mahaifinsu, bai ce komai game da gona ba, ni ma ban ce ba. Aka sa ranar rabon gado. A cikin magada akwai marayu, ’ya’yan wani ɗan Baba da ya riga shi rasuwa aka yi musu wasiyya, ga kuma ƙananan ’ya’yan Baban na wajen wata matarsa da ta rasu. Na yi ta juya abin. In kyauta ce na mayar, na yi asarar gona kuma na ƙi alherin mamaci. In sallama ce na yi shiru, na ciyar da ku haƙƙin marayu. Kulu ta ce ni dai ban iya karɓar alheri ba, kuma nawa ’ya’yan ma abin tausayi ne. Gaskiya ta faɗa. Liman ya ce shi ba zai yanke abin da bai ji da kunnensa ba. Shi ma gaskiya ya faɗa. Kowa na je wajensa sai in fito na yarda da shi, kafin in kai gida na yarda da wani.

Daga ƙarshe na ga kamar na samo hanya ta uku. Zan kai damin wajen Sa’adu, aro ya ci gaba yadda yake a da: ƙasa tasu, aiki namu, babu wanda ya ci haƙƙin wani, Riskuwa ya zauna inda yake. Har na ji daɗin wayona. Ban gaya wa Kulu ba don na san abin da za ta ce, ban gaya wa Riskuwa ba don na ɗauka albishir zan kai masa. Da safiyar ranar rabon na ɗora damin a babur. Zauren cike yake da mutane. Ina jingine shi a bango na ga fuskar Liman ta sauya. Sa’adu ya ɗago kai ya dube ni.

“Malam, jiya munka zauna da Liman. Munka ce tunda Baba ya ƙi dami gaban shaidu, kai kuma ba ka ce komi ba, mu rinjayar da kyauta, mu fidda gonar ga daga rabo ta zauna hannunka. Ga shi yanzu kai da kanka kak kawo.”

Na ce to bari in mayar da shi, ai ban sani ba.

“Ba shi komawa, Malam,” in ji Liman. “Wanda gona ke hannunai ya shaida gaban jama’a aro ta. Akwai marayu ciki. Ni ba ni da ikon yafe rabonsu, Sa’adu ma ba shi da shi.”

Na ce to aro ya ci gaba mana, abin da na zo nema ke nan. Sa’adu ya ce nasa rabon ya ara mini da zuciya ɗaya, amma na sauran ba nasa ba ne. A makon aka shiga gonar da igiya aka yanka ta tsiri-tsiri. Ƙasar da muka tayar daga mutuwa ta yi daraja, masu saye suka yi caa. Wasu magadan suka sayar, sabon mai wurin ya kewaye da ƙaya. Abin da ya faɗo wa Sa’adu ko rabin garken Riskuwa ba zai kwantar ba.

Riskuwa bai ɗaga mini murya ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya zo ya kwance shanun huɗarsa, ya ɗora garma a amalanke, ya tsaya a ƙofar gida.

“Malam, da ka shawarce ni. Na ɗauka yadda rabin gero nawa na, rabin magana ma nawa na.”

Da rana tsaka suka tashi, aka ɗora tsohuwar a kan jaki ana tallabe da ita, suka yi kudu. Ban sake ganinsa ba, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce ya ji an gan shi a wani wurin daban. Mahaifiyarku ta yi wata da watanni ba ta ce mini komai sai abin da ya zama dole. Ba a daɗe ba aka dawo da ni Tambuwal, daga baya na kama hayar gonar Sanyinna da kuka sani. A can kuɗi kake biya a ba ka wuri, babu mai ƙin karɓa, amma ban taɓa jin ƙasar ta san ni ba.

Kafin mu bar Fakku, bayan Inna Ige ta fita takaba, na je yi mata sallama. Tana zaune a tsakar gida tana tsince wake. Muka gaisa, muka yi wa Baba addu’a. Na ga in ban tambaya yau ba, ba zan ƙara samun wanda zan tambaya ba. Na ce, “Inna, don Allah mi Baba ya nufa ran nan?”

Ta ajiye faifan ta dube ni da mamaki.

“Ni ma na tambaye shi, ran da kat tafi da damin. Nic ce Malam ya fita jiki sanyaye, ko in aika a kira shi ka yi mishi bayani? Yac ce a’a, bar shi. Yac ce, ‘Malami na fa. Ya gane.’”

“To ke mi kinka gane, Inna?”

“Ni? Ai ni ban sake tambaya ba. Na ɗauka kai ka gane.”

Wannan shi ne iyakar abin da na sani, ’ya’yana. Ko dai Baba Nomau ya ba ni gona na mayar masa da ita a kan kabarinsa, ko ya sallame ni na bi umarninsa ban sani ba. Ko wacce ce, ya rufe idonsa hankali kwance, yana da tabbacin ya yi mini magana a fili kuma na ji. Ya yarda da ni har ya hana a kira ni. Ni kuwa gashin kaina ya yi fari, ban gane ba.